Shaddar da Inna Ta Ƙi Sawa

A ƙasan jakar 'yata ta fari na tsinci takardar, a dunƙule kamar an yi niyyar jefarwa. Makarantarsu ce ta rubuto wa iyaye mata. Wai ƙarshen shekara za a yi taro, kowane gida ya nuna yadda mutanensa suke zuwa aikin hajji a zamanin da, shekaru ɗaruruwa baya, tun babu mota babu jirgi. Uwa da 'ya'ya, da kaka in tana raye, a sa tufafin wancan zamani a ratsa dandamali. Na tambaye ta dalilin da ya sa ba ta ba ni ba. Ta ɗaga kafaɗa ta ce da Larabci, "Mu me za mu nuna, Ummi?"

Maganar nan ta soke ni. Shekarunta goma sha huɗu a lokacin, a nan Ka'akiyya, unguwarmu a Makka, aka haife ta, kuma tun tana aji huɗu ta daina amsa mini da Hausa a waje. In mun fita kasuwa sai ta ba ni taku biyu a gaba, ko ta tsaya duba abin da ba za ta saya ba, har in wuce. Ban taɓa yi mata faɗa a kai ba, domin na san sunan da yara suke kiran baƙar yarinya da shi in faɗa ya haɗa su. Amma abin yana cina. Tsorona shi ne ta girma tana jin kunyar inda ta fito, ta haifi nata su ma su gaji kunyar.

Ni ba mai haƙuri ba ce, kowa a gidanmu ya sani. Na zaunar da ita na ce, ke, kin san daga ƙasashenmu na yamma aka taɓa yin sarkin da ya zo hajji da raƙuma ɗauke da zinariya, har mutanen Masar suka daɗe suna labarinsa? Ta ce ita ba ta taɓa ji ba. Na ƙara gishiri iyakar iyawata, na sa wa matan ayarin mundaye har gwiwar hannu. Na ga idonta ya ɗan buɗe. Ta ce za ta yi, amma da sharaɗi ɗaya, kada a yi mana dariya. Na dafa ƙirji na ce ta bar mini wannan.

Saura wata bakwai, kuma mu huɗu ne za a yi wa kaya: ni, da ita, da ƙanwarta mai shekara takwas, da Inna mahaifiyar maigidana wadda muke zaune tare. Na sami gwangwanin madara babba, na huda murfinsa, na naɗe shi da salatif don kada zuciya ta rinjaye ni. Sana'ata ƙunshi ne, ina kuma daka yajin da maigidana yake sayar da tsire da shi. Duk ƙunshin da na yi wa amarya, kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gwangwani yake shiga. Na shiga adashin matan layinmu, wanda a nan ake ce wa jam'iyya, na roƙa a ba ni kwasar wata na biyar. Kazar ranar Juma'a ta koma sau biyu a wata. Ƙaramar Salla ta zo, na ce babu mai ɗinka sabo, na bara ma bai tsufa ba. Ƙaramar ta yi kuka, na ce ta yi haƙuri, sarauniya za ta zama.

Maigidana ya mayar da ni abin tsokana. In ya shigo ya ga miya ba nama sai ya leƙa tukunya ya ce, "Yau ma sarkin zinariya ne ya cinye?" Amma da hajji ya zo ya tafi Mina aikin tura keken tsofaffi, ya dawo ƙafafu a kumbure, kafin ya cire takalmi sai da ya ciro wasu riyaloli ya tura cikin gwangwanin da kansa. Ranar na yanka kaza.

Da kwasata ta zo na fasa gwangwanin na haɗa. Wata 'yar'uwa da za ta zo umara daga Kano ta taho mini da shadda mai kyau, kala huɗu, irin wadda in ka taɓa take ƙara. Na kai wa tela ya zuba mata aiki a wuya da hannu. Na zaga kasuwa na sayo sarƙoƙi da mundaye na ruwan gwal, waɗanda daga nesa ba mai cewa ba na gaske ba ne. Kuɗin duk suka tafi, ko na motar komawa gida da ƙyar ya rage, amma ina tafe ina jin kaina a sama.

Saura mako uku muka yi gwaji bayan la'asar. Muka shiga ɗaki muka fito muna walƙiya, na miƙa wa Inna tata. Ta karɓa, ta shafa, ta kai hanci ta sansana. Sai ta fashe da dariya, irin wadda take ƙarewa da tari, har sai da aka ba ta ruwa.

"'Yar nan," in ji ta, "wa ya ce miki da shadda ake zuwa Makka a ƙafa? Biki za mu ko hajji?"

Na ce ai matan ayarin sarki za mu nuna.

Ta ce, "To, na ji. Sarki ɗaya ne a ayarin, matansa a ce goma. Sauran fa, masu ɗaukar kaya, masu ɗebo ruwa, masu bin ƙurar raƙuma da goyo a baya? Mu jinin waɗannan ne. Ni da idona na ga irin tafiyar. Uwata ce ta goyo ni muka ratso Chadi, muka zauna Sudan muna tsinkar auduga har na yi wayo, sannan muka ƙetaro ruwa. Yadda muka zo haka na gabanmu suka zo, ba abin da ya sake a hanyar sai mutanen. Ki ba ni tsumma in sa, amma ba zan hau gaban jama'a in yi wa uwata ƙarya ba."

Raina ya ɓaci sosai. Wata shida ina hana bakina da na 'ya'yana, tsohuwa ta rushe shi da dariya ɗaya. Ba a ɗaga wa suruka murya, don haka na shige kicin na huce a kan tukwane. Daga can nake jiyo su. Babbar 'yata ce take tambaya, da Hausarta mai karyayyiyar ƙafa, tana ce mata Sitti yadda ake kiran kaka a nan: "Sitti, me kuke ci a hanya? A ina kuke kwana?" Inna tana ba ta amsa dalla-dalla. Garin gero a jiƙa da ruwa. Gora ɗaya ta ruwa ga mutum uku. Ƙaninta da aka haifa a hanya, aka binne shi a hanya, gindin wata bishiya da ba wanda zai iya komawa ya gane ta. Ban taɓa jin labarin ƙanin nan ba, shekara goma sha shida ina gidan.

Washegari kafin babbar ta tafi makaranta ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ummi, irin na Sitti nake so mu sa."

Na ce mata kin san abin da za a ɗauke mu kuwa, baƙaƙe huɗu cikin tsofaffin zannuwa a tsakiyar masu alharini? Ke kika ce kada a yi mana dariya. Ta ce ta sani. Na dube ta na ga ba tsoro ba ne ya fita daga idonta, yana nan, sai dai ta yanke shawara duk da haka. A nan na gane cewa shaddar nan ni ma kunyata nake rufewa da ita, ba tata kaɗai ba. Abin bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Wata maƙwabciya da za ta aurar da 'ya ta saye shaddar da gwalagwalan, na faɗi kusan kashi ɗaya cikin huɗu, na haɗiye. Da kuɗin muka sayi farin yadi marar tsada mai kaushi, da shuni, da gora biyu da ƙwarya a shagon wani Basudane. Wani baduku ɗan Nijar ya yanka mana takalman fata marasa ado. Har canji ya rage, abin da ya ƙara ba ni haushi, don da tun farko na tambayi Inna da ba a yi azumin kaza ba.

Sai aikin tsofar da kaya, wanda ban taɓa zaton zan yi ba a rayuwata. Ni da nake yi wa tsumman goge-goge guga. Muka rina zannuwan da shuni, muka shanya su a rufin bene kwana biyar rana ta cinye launin. Muka dafa mayafan cikin ruwan shayi. Ranar wata Asabar da safe maigidana ya ari mota ya kai mu wajen Muzdalifa, inda in ba lokacin hajji ba babu kowa sai iska da tsakuwa. Muka shimfiɗa kayan a ƙasa muna takawa, muna gurza su da dutse. Inna na zaune a inuwar mota tana ba da umarni kamar mai gadin gona.

"Ba nan ba! Wa ya taɓa ganin zane ya ci a ciki? Kafaɗa za ki gurza, inda igiyar kaya take zama. Da ƙugu, inda ƙafar goyo take gogawa. Bakin zanen kuma ku tsattsage shi, ƙaya ce take cin sa."

Maigidana ya tsaya yana kallona ina dukan sabon yadi da dutse, ya ce shi dai yau ya ga abin da zai ba jikokinsa labari. Na ce ya matsa ko in haɗa da rigarsa. Yaran suna ta dariya, ƙura har cikin gashin ido. Da muka koma gida Inna ce ta yi facin da hannunta, da zare mai kauri, ɗinki manya-manya. Ta ce mai tafiya ba ta da lokacin ƙawata faci, tsayawa ɗaya take yi kafin ayari ya tashi.

Ranar taron zauren ya cika da mata. Na Sham sun zo da alharini, na Masar sun yi raƙumin kwali da ado har ƙasa, na tsibirin Jawa da laimomi masu launi. Kowa ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Muna bayan labule ina tuna shaddata da take can za a sa wa dangin amarya. Da aka kira mu Inna ta shige gaba da sandarta, ƙaramar na riƙe da bakin zanenta, ni da ƙwarya a ka, babbar a baya da gora a kafaɗa da ɗaurin kaya.

Zauren ya yi tsit. Can baya wata ta yi 'yar dariya, na ji ta sarai, har yau zan iya nuna kujerar. Inna ko a jikinta. Ba ta yi tafiyar wasa ba, tafiyar gaske ta yi, a hankali, kai a sunkuye, tana jan talbiyya ƙasa-ƙasa da tsohuwar muryarta. Da ta kai tsakiyar dandamali ta tsaya, ta ɗaga kai kamar mai hango gari bayan shekaru, ta ɗaga hannu biyu. Wannan ba ya cikin abin da muka shirya. Na ga wata dattijuwa a layin gaba ta ja gefen mayafinta ta kai ido. Aka yi tafi, ba wanda ya fi na kowa ba, amma an yi, kuma ya daɗe.

Bayan an sauko kowane gida ya tsaya a rukuninsa mutane suna zagayawa. Ina gyara wa ƙaramar ɗankwali sai ga wata 'yar ajin babbar, cikin riga mai ƙyalli, ta tsaya tana duban facin kafaɗarta. Ba da mugunta ta yi tambayar ba, a fuskarta na gani, abin da ta sani ke nan. Ta ce, "Ku bayin ayarin ne?"

Na ajiye abin da ke hannuna, bakina ya riga ya cika da magana. Inna ta damƙe mini hannu ta riƙe.

'Yata ta gyara gorar a kafaɗarta. Ba ta sunkuyar da kai ba. Ta ce da Larabci, "A'a. Mu alhazai ne. Ba wanda ya kawo mu, da ƙafarmu muka zo." Sai ta nuna Inna ta ce, "Ga wadda ta yi tafiyar nan, kakata ce. In kina so ki tambaye ta, ni zan fassara miki."

Yarinyar ta matso, wasu biyu suka biyo ta. Inna ta saki hannuna ta gyara zama. Ni kuwa na juya baya na yi kamar ina neman wani abu a cikin ƙwarya, domin ba na son a ga uwa tana kuka a kan 'yar fari.