Mai Jirgin Wasa a Gonar Jatau

Baƙon da ya tsayar da mota bakin gonar Jatau, a Wanke, dogo ne mai baƙin tabarau, kuma bai yi sallama ba. Yana miƙa igiya daga injin naɗi zuwa jirgin wasa wanda fikafikansa suka fi tabarma tsawo. Da alama bai taɓa riƙe fartanya ba, domin da gambar da ta raba gonar da ta maƙwabcinsa Yakubu ta tare igiyar, tumɓuke ta ya yi.

"Malam, iyaka ka cire!" in ji Jatau.

"Ciyawa ce, Baba."

Injin ya fizgi jirgin sama, baƙon yana juya shi daga ƙasa da rimot. Jatau bai ɗaga kai ba. Idonsa na kan Yakubu, wanda tuni ya fara auna kunyoyi da ƙafa.