Kamun Hajiya da Kamuna

Shekarun baya, bayan rasuwar maigidana, na koma gidanmu a Zaitawa da 'ya'yana, cinmu da shanmu duk a wuyan yayana. Bai taɓa yi mini gori ba, amma ni na san mun yi masa nauyi. Shi ya sa da aka buɗe wajen koya wa mata sana'a kusa da Jakara na shiga ajin ɗinki, na dage har aka yaye mu aka ba ni keken ɗinki.

Keke ya samu, aiki shiru. Ba mai son a fara koyo a kan yadinsa. Ana haka sai ga aike daga wata Hajiya maƙwabciyarmu da za ta aurar da 'yarta: yadi mai tsada, a ɗinka labulen ƙofar amarya, tsawo kamu huɗu. Kamu dai kun sani, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Murna ta sa na manta da tef ɗin awo da aka koya mana aiki da shi, na auna da hannuna, na zuba almakashi.

Abin da ban tuna ba, Hajiya doguwar Bafulatana ce, ni kuwa sai na taka kujera nake shanya. Da na rataya labulen a ƙofarmu sai ya tsaya a ƙwauri. Mahaifiyata ta dube shi ta ce, "Ke 'yar nan, amaryar da ƙafafun baƙi za ta riƙa gaisawa?"

Ni ban ga abin dariya ba. In maganar ta fita a lungunmu ko tsumma ba mai kawo mini, na koma zaman jiran yayana ke nan.

Na ƙudundune yadin a mayafi na nufi malamarmu ina hawaye.

"Kamun wa kika bi?" in ji ta.

"Nawa, Malama."

"To ai Hajiya da nata ta auna! Share hawayenki, ɗauko allura."

Ta nuna mini yadda zan ƙara wani yadi mai sheƙi daga ƙasa, da tattara. Ta kuma ce lallai in faɗa wa Hajiya gaskiya.

Da na gama ɗinkin na kai wa Hajiya, na faɗa mata gaskiya. Ta juya labulen gaba da baya, ni kuwa ina ta salati a zuci. Can ta ce, "Ikon Allah, ƙarin ma ya fi yadin kyau. Na tagogi ma haka nake so. Amma ki zo da tef ɗinki, hannun nan naki ba na awo ba ne."

Wallahi a zaurenta na zauna, ina ta hamdala don sanyin rai.

Daga bikin nan aiki ya buɗe, 'yan biki suka yi ta tambayar wace tela ce. Har yau in na tuna sai na yi ajiyar zuciya, don na san saura ƙiris in rufe keken nan da zani in haƙura. Ranar da na iya ce wa yayana, "Yaya, bar cefanen watan nan, na riga na yi," fita ya yi tsakar gida don kada in ga idonsa.