Arlen Skogstad, Mai Jan Layin Filin Halden

Duk ranar Alhamis ta kakar wasa, kafin ɗalibai su gama hamma, Arlen Skogstad ya riga ya shiga filin ƙwallon Amurka, mai kama da zari-ruga, na Kwalejin Halden da igiyarsa da keken fentinsa. Sai ya ɗaure igiya daga wannan gefe zuwa wancan, ya bi ta yana jan farin layi, yana yi wa ciyawa faɗa kamar 'ya'yansa. Tun yana da baƙin gashi yake wannan aiki, yau ga shi zai ajiye, amma rabin gari ba su san sunansa ba. Abin yana ci mini rai.

Mu a Halden ba mu saba da nasara ba. Ƙananan kwalejoji ne a rukuninmu, kowace ta kara da kowace, wadda ta fi cin wasa ita ce zakara, ita ke wucewa gasar ƙasa inda sili ɗaya ƙwale ne. Shekara da shekaru sai dai mu ga ƙeyar wasu. Bara sai ga mu a sama, kwamitin gasa kuma ya ce a filinmu za a yi wasan farko. Tsofaffi har da hawaye.

Ana gab da wasan, sama ta ɓalle da dusar ƙanƙara, fili ya nutse har gwiwa. Wakilin kwamiti ya duba, ya ce in ba a ga layi ba ranar Asabar da safe, garin abokan karawa za a kai wasan.

Koci Brubaker ya ce, "Arlen, mu sa tarakta kawai."

"A kan ciyawata? Ta kwashi ƙanƙara ta haɗa da ƙasa, ku yi wasa a gona? Koci, je ka koya wa yaranka riƙe ƙwallo."

Arlen ya nufi shagon Marlys Hovland, inda manoma ke shan gahawa suna gyara duniya da fatar baki. Ya tsaya a ƙofa.

"Ku da kuka fi koci sanin ƙwallo, kowa ya ɗauko shebur."

Wani dattijo, Duane, ya ce bayansa na ciwo. Marlys ta ɗauke butar gahawa daga teburin. "Wanda bai je fili ba, ya sha ruwan famfo."

Sun je kuwa, har da Duane da bayansa. Kai ne, Arlen, ka raba wa kowa yankinsa, ka hana a danna shebur ya taɓa saiwar ciyawa. Kai ne ka ce farin layi ba ya ganuwa a ƙanƙara, ka sake jan layukan fili kaf da jan fenti, yatsunka na daskarewa. Wakili ya dawo, ya taka fili, ya ce a buga.

Aka buga, ƙanƙara na ta zuba. Duk hutu sai Arlen ya ruga da tsintsiya ya share layuka. Lokaci ya kusa cika, muna gaba da 'yan maki, sai ɗan wasan baƙi ya faɗi da ƙwallo a bakin layinmu na ƙarshe. In ta taɓa layi sun ci, in ba ta taɓa ba mun wuce. Layin kuwa ya rufe ruf. Alƙalin wasa ya dafe ƙwallo, ya yafito Arlen.

Arlen ya taho da tsintsiyarsa. Mun ga ya sunkuya, ya share a hankali, bai rage ko kaɗan ba. Jan layi ya fito, bakin ƙwallo na kansa. Baƙi suka yi ta tsalle, mu muka yi ta haɗiyar yawu.

A bakin ƙofa Duane ya tare shi. "Haba Arlen, da ka ɗan rage hannu!"

Idonsa jawur, Arlen ya ce, "Fili ne na yi muku alkawarinsa, Duane, ba nasara ba. Ban ja layin nan don in ɓoye shi ba."

Mun gode, namijin duniya. Ka kawo mana wasa gida da guminka, ka kuma hana mu nasarar da za mu riƙa jin kunyarta. Wanda zai gaji keken fentin nan, da duk wanda aka danƙa wa wata amana a garin nan, in an miƙo masa tsintsiya, ya share kamar Arlen, ko da nasa ne za su yi kuka.