Kwana Goma Sha Shida Ban Ɗauki Jikana Ba

Ciwon ya fara mini ne a haƙarƙarin dama, wani zugi kamar an goga mini barkono a ƙarƙashin fata. Ban kula shi ba, don a makon nake shirin tarbar 'yata ta fari, wadda ta haihu a Kano, za a kawo ta gida Wudil wankan jego. Na sayi itace, na sa an yanko ganyen darbejiya, na cika wa unguwa baki cewa ni da hannuna zan yi wa jikana wanka.

Ranar da za su iso, na wayi gari da ƙuraje masu ruwa sun yi layi daga baya zuwa ƙarƙashin nono, gefe guda kawai. Na ce fitsarin gizo-gizo ne, zan gasa wurin da ruwan zafi ya wuce. Ina cikin sirka ruwan sai maƙwabciyata ta shigo da gudunmawar sabulu. Kirista ce 'yar Filato, ma'aikaciyar jinya a asibitin jami'a, mace mai ido kamar na mai sayen saniya a kara. Ta ga yadda nake ɗage hannu, ta ce in buɗe.

"Hajiya, wannan ba gizo ba ne. Kin yi ƙarambau kina yarinya?"

"Wa bai yi ba?"

"To shi ne ya kwanta a jijiyarki shekara da shekaru, yanzu ya farka. Mai jegon ta taɓa yi?"

Na tuna baya. Ba ta taɓa ba. Maƙwabciyar ta ce ruwan ƙurajen nan zai iya sa wa uwa da jariri ƙarambau, kuma ga ɗan kwana biyu abin ba wasa ba ne. Kada in ɗauke shi sai sun bushe.

Wallahi na ji haushinta. Na ce, "Ke 'yar nan, a gidana za ki hana ni mijina?" Ta yi dariya, amma ba ta janye maganarta ba. A ranar ta kai ni asibiti aka ba ni ƙwayoyi, don wai a kwanakin farko suka fi aiki. Sauran jinyar a gida muka yi. Ta hana ruwan zafi, ta hana shafe-shafen da 'yan dubiya ke kawowa, sai tsumma mai tsabta a tsoma a ruwan randa a ɗora. Na koma sa tsohuwar rigar atamfa mai faɗi, ina shan kunun gyaɗa da miyar zogale, ina barci kamar wadda ba ta da baƙi.

Ƙanwata ce ta zo daga Utai ta karɓi wankan. Ranar suna ta taga na ga taro, ina jin kukan yaron a hannun matan da ko sunan kakansa ba su sani ba. Na yi kishi, kuma na yi kuka ba kaɗan ba.

A rana ta goma sha shida maƙwabciyar ta duba, ta ga ƙurajen sun yi ɓawo sun bushe ƙaf. Da kanta ta je ta ɗauko jaririn.

"Hajiya, ga angonki."

Na kwance masa zani, na duba ciki, na duba baya, na leƙa har bayan kunne da tsakanin yatsu. Fata sumul, babu ko ɗigo. 'Yata ta ce, "Umma, sayensa za ki yi ne?" Na juya wurin matar da na yi kwanaki ina harara, na kama hannunta na riƙe don godiya.