Watan da Yaya Yake Bina

Shekarar da aka rufe boda, har manyan motoci suka yi ta kwana a Kongolam da kayansu, a cikinta ne ciwon shanyewar jiki ya kwantar da yayana a Babban Mutum. An buɗe bodar, an sake rufewa, an kuma buɗewa, shi kuwa yana nan a ɗakinsa. Wajensa muka je makon jiya, ni da ɗana na biyu mai gyaran waya a kasuwar Daura. Tunda da yawanku kun tambaye ni abin da ke cikin kwalin da aka gan ni rungume da shi a tasha, to ga labarin.

Mun tashi da asuba, muna idar da salla muka gangara tasha da ƙafa. Garin shiru, sai masu shayi da ke hura wuta. Muka sha koko da ƙosai a tsaye. Ƙosan ya ƙara ƙanƙancewa, kuɗinsa kuwa ya girma. Haka kuɗin mota, har sai da na sa yaron mota ya maimaita mini. Ya so ya ɗaure kwalin a baya tare da buhunan gero, na ce a cinyata zai zauna.

Abin da ke ciki wani tabarau ne, amma ba irin na karatu ba. Kauri gare shi kamar ƙaramin akushi, ana ɗaura shi a fuska da maɗauri, a jona shi da kwamfuta. Da zarar ka sa, ɗakin da kake ciki ya ɓace, sai ka gan ka zaune a cikin jirgin da ke yawo tsakanin taurari. Wasa ne na samari. Da farko na ƙi ko taɓa shi. Mutumin da ya tashi da allo da tawada, me ya haɗa shi da wasan jirgi? Sai da ɗana ya kashe kiɗan, ya tabbatar mini babu harbe-harbe in ba ka nema ba, sannan na yi bisimilla na gwada. Abin da ya kama ni shi ne, in ka juya kai dama, sama ta juyo maka da abin da ke dama. In ka ɗaga kai, ka ga abin da ke bisa. In ka leƙa, ka ga ƙasan kujera. Ba a buƙatar hannu. Ɗana ya ce ba kowane wasa ne yake bin motsin kai haka ba, wasu sai da hannu, wasu kuma da wata 'yar na'ura da ake maƙala wa hula. Ina cire shi na ce masa, Baffanka za mu kai wa.

Ga dalili. Muna yara kurkunu ya kama ni a ƙafa, na yi wata da watanni ban taka ba. Ranar duban watan Salla kowa ya fita bayan gari, aka bar ni ina kuka. Yaya ya dawo ya ɗora ni a wuyansa, ya kai ni har kan tudu. Na ga jinjirin watan, siriri kamar an ja shi da bakin alƙalami. Shi kuwa Yaya, da nauyina a wuyansa, ya kasa ɗaga kai. Kafin ya sami inda zai ajiye ni gajimare ya rufe. Muna komawa gida ya ce, "Auta, ina binka wata guda." Tun daga ranar, duk Sallar da muka haɗu sai ya tuna mini, mu yi dariya. Ya girma ya zama mai kiwo, ya fi kowa a gidanmu kallon sama. Yanzu hannuwansa ba sa ɗaguwa, idonsa kuma ba ya kai nesa. An sha fito da shi tsakar gida bayan magariba, ya ce duhu kawai yake gani. A Sallar bara bai tuna mini bashin ba, kuma wannan shirun ya fi ciwon nasa damuna.

Hanyar Zango ta yi kyau a bana. Kaka ta yi, an yanke gero an jera dammuna a gonaki, dawa kuwa tana tsaye ta sunkuyar da kai. Hazo-hazon raɓa yana kwance a kan fadamu, shanu suna ratsa shi kamar ba sa taɓa ƙasa. Na yi ta gyangyaɗi ina farkawa, har na rasa bambance abin da na gani da abin da na yi mafarki. A wani shinge wani jami'i ya sa aka buɗe kwalin. Ya juya tabaran gaba da baya, ya ce, "Malam, walda kuka koma?" Ɗana ya yi masa bayani. Ya girgiza kai yana dariya, ya ce in mun isa sama mu gaishe da mutanen can. Bayan Baure kwalta ta fara ramuka, na ƙara ƙanƙame kwalin kamar mai ɗauke da ƙwai.

Hantsi ya ɗaga muka shiga Babban Mutum. Matar Yaya ta tare mu a soro da fura mai sanyi, wadda aka dama da nono mai kauri irin wanda ba ma samu a birni. Da ta ga abin da muka kwance sai ta riƙe baki.

"Malam, da furfurarka ka koma wasan yara? Ni na ɗauka magani ka kawo wa mijina."

Na ce mata ta bari ta gani, in bai yi ba ta ci ni tara.

Yaya yana kwance a kan gefensa na dama, ya rame, amma muryar tana nan. Muka gaisa, muka daɗe muna gaisawa. Na faɗa masa abin da ya kawo mu, sai ya ce ba zai hau jirgin kowa ba sai an fuskantar da shi gabas, don shi bai taɓa tafiya bai san alƙibla ba. Aka juya gadon. Muka aro ƙaramin janareta wajen maƙwabci mai cajin waya, man da ke cikinsa ɗan kaɗan. Ɗana ya ɗaura masa tabaran, ya murɗa wani ɗan ƙarfe a gefe har Yaya ya ce ya fara gani tar. Sai kuma ya ce jirgin ya kife. Ashe na'urar ta ɗauki kwanciyarsa a matsayin karkata. Ɗana ya danna wani wuri, ya shaida mata cewa inda fuskar Baffa take nan ne gaba, jirgi ya miƙe.

Mu muna ganin abin da yake gani a fuskar kwamfuta. Tun a gida ɗana ya kwana biyu yana zaɓen wurin da ya fi kyau a duk wasan, can nesa, inda wani irin gajimare ja da shuɗi ya cika sama, taurari sun yi yawa kamar an zubar da tsaba. Yaya ya motsa kai a hankali, hagu, dama. Na jira tasbihi. Sai ya ce, "Ina Kaza?"

Yana nufin Kaza da 'Ya'yanta, taurarin nan da suke cure wuri ɗaya, waɗanda yake duba ya san kusantowar damina. Ɗana ya ce, "Baffa, nan ai ya fi kyau."

"Yana da kyau, ɗana. Amma ban san kowa ba a nan. Cire mini."

Aka cire masa. Kuskurenmu ke nan: mun ɗauka sama duk sama ce. Mun ɗauko mutumin da ke kewar gida mun kai shi baƙon gari. Matar Yaya ta ce daga bakin ƙofa, "Malam, shirya tararka."

Ɗana ya ce akwai hanya. Waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun jera taurarin ne yadda suke, in aka mayar da jirgi kusa da duniyarmu za su koma yadda muka saba ganinsu. Sai dai jirgin ba ya zuwa kai tsaye, daga tauraro zuwa tauraro yake tsallakawa, yana yada zango, ga man janareta ya kusa ƙarewa, ga Yaya ya fara cewa wuyansa ya gaji. Ɗana ya zauna ya kama tuƙi. Muka yi sallar Azahar, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu. Ni na ba Yaya a baki. Ɗana yana ci da dama yana tuƙi da hagu. Janareta ya fara tari, maƙwabcin nan, Allah Ya saka masa, ya zuƙo mai daga babur ɗinsa ya ƙara mana. Yaya ya yi barci ya farka, ya tambaya ko mun iso. Na ce saura kaɗan. Ban san ko gaskiya na faɗa ba.

Gab da La'asar ɗana ya ce, "Baba, mun zo."

Wannan karon abin da ake nema yana bisa, mai kwance a gefe kuwa ba zai iya ɗaga kai can ba. Sai na hau gadon, na zauna a bayansa, aka tayar da shi aka jingina shi a ƙirjina. Ban san ya yi rashin nauyi haka ba. Na tallafi ƙeyarsa da tafin hannuna, aka ɗaura tabaran. Inda ya so dubawa, sai in ji wuyansa ya ɗan motsa, ni kuma in ƙarasa masa. Daga inda nake ba na ganin kwamfutar, bayansa kawai nake gani da farin gashinsa.

Ya duba nan, ya duba can. Sannan ya ce, "Ga ta nan. Ga 'ya'yan, ba wanda ya ɓata." Ya yi ta gaishe su ƙasa-ƙasa kamar mai zagaya garke. Ɗana ya karkata jirgin, ya ce, "Baffa, ɗaga sama, ta hannun dama." Na ɗaga masa. Sai na ji jikinsa ya tsaya cak, ya fara karanta addu'ar ganin wata. Ya kai tsakiya ya dakata, ya ce ai wannan ba na gaskiya ba ne. Na ce ba na gaskiya ba ne, Yaya, kwaikwayo ne. Ya ce to Wanda ya yi na gaskiyar ya san abin da yake nufi, ya ƙarasa addu'arsa.

Matar Yaya ta shigo ta tsaya tana kallon kwamfutar, ta ce, "Malam, ka ga siririn nan kuwa?" Na ce ban gani ba. Hannuna ya sage, bayana ya riƙe, amma ban motsa ba sai da janareta ya mutu da kansa. Ɗakin ya yi tsit. Da aka cire tabaran, cikinsa ya jiƙe.

Muka kwana, da safe muka yi sallama. Ɗana ya so ya bar masa na'urar, Yaya ya ce a'a, wata sau ɗaya ake ganinsa jinjiri, a kawo masa dai in an zo Salla. Matarsa ta cike mana sauran wurin da ke cikin kwalin da gyaɗa da kuka, ta ce ta yafe tarar.

A hanyar dawowa ban yi barci ba. Mun shigo Daura ana kiran Azahar, da yamma kuma na fita bakin ƙofa na ɗaga kai na dubi sama, abin da na daɗe ban yi ba duk da wuyana lafiya lau. Wannan tafiya ta nuna mini cewa ɗaga kai ma ni'ima ce da ba ma lissafawa cikin godiya, kuma abin da samari suka ƙera don wasa yana iya zama hanyar zumunci in an ɗauke shi an kai shi inda ya dace. Ta kuma nuna mini cewa in za ka yi wa mutum alheri, ka fara tambayarsa abin da yake kewa, kada ka zaɓa masa abin da ya burge ka.

Da muke sallamar, na riga na kai bakin ƙofa Yaya ya kira ni. Ya tambaye ni ko na ga watan jiya. Na ce ban gani ba, ina bayansa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya ce, "To ka ji yadda na ji. Je ka, Auta. Ba na binka komai."