Zaren Ɗinkin Littafi

A wata ƙaramar maktaba da ke unguwar Ƙuba, can ƙasa mai tsarki, Saminu, ɗalibi daga Zariya, ya ture karatunsa gefe yana kallon sabon ma'aikacin wurin. Dogo ne siriri, bai kai talatin ba, farar jallabiyarsa ta sha guga har wuyanta ya fara cinyewa. Yana ɗinke bangon wani tsohon littafin fiƙihu da zare ruwan ƙasa, yana jan allurar a hankali kamar mai cire ƙaya. Wani ya tambaye shi littafi, ya faɗa masa kantar da yake, ko kai bai ɗaga ba. Saminu yana ta lissafin shekarun da mutum zai kwashe a jami'a kafin ya san littattafai haka.

Da aka kira La'asar suka haɗu wurin takalma. Igiyar takalmin mutumin ɗinkakkiya ce, irin zaren nan, irin ɗinkin nan.

Saminu ya ji shi yana waya da Hausa ɗazu, sai ya ce, "Ustaz, har dukanci ka iya?"

Mutumin ya yi murmushi. "Ɗinkin a majister na koye shi, ɗan'uwa, lokacin da nake digiri na biyu. Albashin ne ya koya mini yi wa takalmi."