Tafirenyika Mudzingwa, Mai Juya Gado

Haihuwa

An haifi Tafirenyika Mudzingwa a shekarar 1931 a wani ƙauye kusa da Gutu, a ƙasar Zimbabwe ta yau. Mahaifinsa Chikwanha maƙeri ne, mahaifiyarsa Mazvita kuma maginiyar tukwane. A danginsu ana binne mamaci kansa na duban inda kakanni suka fito, domin in aka kuskure, ruhinsa zai ɓata hanya ya dawo ya addabi iyali. Kakarsa ta shaida masa daga arewa suka zo. Da ya nemi sanin wace arewar, da muciya ta amsa masa.

Aiki da aure

A 1952 ya kama aikin jirgin ƙasa, a 1956 ya auri Sekai, wadda aka fi sani da Maman Rufaro. Tun a makon farko ya juya gadonsu arewa, wai kada ajali ya riske shi a karkace.

A 1959 aiki ya kai shi kan iyakar Kwango, inda ya ji mutanen da bai taɓa gani ba suna kiran nama "nyama", daidai da yaren gidansu. Ya yi kuka, ya rungumi mahauci, ya dawo ya karkata gado yamma kaɗan. A 1964 wani direba ya rantse masa daga manyan tafkunan gabashin Afirka aka taso, gado ya koma gabas kaɗan, ya tare rabin ƙofa. Shekara tara Maman Rufaro tana shiga ɗakinta da gefe.

Tsufa

A 1988 ɗansa Rufaro ya kawo littafi daga jami'a, wanda ya ce asalin masu harsunan Bantu, dangin yaren gidansu, yana tsakanin Najeriya da Kamaru. Tsoho ya yi murna, sai ya tambayi inda waɗancan suka fito kafin nan. Rufaro ya ce littafin bai faɗa ba. Tun daga ranar tsoro ya kama shi sosai, har ya bar wasiyya uku, kowacce da alƙiblarta.

Rasuwa

Ya rasu ranar 4 ga Yuli, 2003. Masu haƙa kabari suka tsaya da wasiyyu uku a hannu, dattawa suna ta musu har rana ta take. Maman Rufaro ta ratsa su, ta nuna kufan ɗakin surukarta.

"Ku juya shi can," in ji ta. "Kamaru dai ban gani ba, amma daga ɗakin nan ya fito, akwai shaidu. In ya isa, uwarsa ta nuna masa sauran hanyar."

Haka aka binne shi, kuma har yau bai dawo ya dami kowa ba. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Rufaro, Chenai, Munyaradzi da Tsungai. Washegarin jana'iza Maman Rufaro ta mayar da gadon jikin bango, ta zauna a bakinsa, sannan ta yi kukanta.